Mario Party Superstars ko Jamboree: wanne ya dace da falon gidanku?

Duk wanda ya sayi na'urar gem ta Nintendo Switch don a taru a falo a yi ta ihu, ba don ya kulle kansa a ɗaki ba, ko ba jima ko ba daɗe zai tsaya gaban waɗannan wasanni biyu yana sosa ƙeya. Mario Party Superstars ya fito ranar 29 ga Oktoba 2021, Super Mario Party Jamboree kuma ranar 17 ga Oktoba 2024. Uwa ɗaya uba ɗaya ne, domin sashen Nintendo da a da ake kira NDcube, yanzu Nintendo Cube, shi ya ƙera su duka. Ko farashin da suka fito da shi a Amurka ɗaya ne, dala 59.99. In ka juya wannan zuwa naira ko sefa, ka ɗora ribar mai shago, za ka ga ba kuɗin da ake kashewa sau biyu don gwaji ba ne. Dole a zaɓi ɗaya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ludo ne da aka hura wa rai. Mutum huɗu ne, kowa ya jefa dayis mai lamba 1 zuwa 10 ya taka gidaje a kan allo. Shuɗin gida ya ba ka sulalla uku, ja ya karɓe uku. Da sulalla 20 ake sayen tauraro, wanda ya fi tara taurari a ƙarshe shi ya ci. To amma duk sanda mutum huɗun suka gama jefawa, sai a dakata a yi wani ƙaramin wasa na minti ɗaya ko ƙasa da haka, wanda ya zo na ɗaya ya kwashi sulalla goma. Allon shi ne tuwo, ƙananan wasannin su ne miya. In miyar ba ta yi ba, gaya za a ci komai kyawun tuƙi. Shi ya sa ni da su nake auna wasannin biyu.

A kan takarda dai Jamboree ya riga ya ci. Yana da ƙananan wasanni sama da 110, alluna bakwai, 'yan wasa 22 da za ka zaɓa. Superstars yana da 100 cif, alluna biyar, 'yan wasa goma. Wanda lissafin bayan kwali ya ishe shi, ya tsaya nan.

Mu ɗauki Bumper Balls, wanda ke cikin Superstars, domin shi ne ma'aunina. Ya samo asali tun Mario Party na farko, wanda kamfanin Hudson Soft suka yi wa tsohuwar na'urar Nintendo 64 a Japan a ƙarshen 1998. Mutum huɗu, kowa a tsaye kan ƙatuwar ƙwallo, a tsakiyar wani zagayayyen fili marar katanga. Aikinka ka bangaje sauran su faɗa. Babu maɓallin da za ka danna, sandar nan ta babban yatsa da 'yan gem ke kira analog kawai za ka tura. Bayaninsa kalma uku ne: ture su ƙasa. Na miƙa wa wata gwaggona hannun gem a wata Sallah, ita da ba ta taɓa riƙe irinsa ba, kafin daƙiƙa ashirin ta turo ni waje, kuma har yau ba ta bar ni na manta ba.

Amma sauƙin bayani ba ya nufin babu dabara. Ƙarfin bangaza yana zuwa ne daga gudun da ka taho da shi, don haka wanda ya ja baya ya ɗauko hanya ya fi wanda ya manne da kai yana turawa. Wanda kuma ya taho a guje ya kuskure ka, shi da kansa zai zarce ya faɗa. Mai wayo yakan laɓe kusa da tsakiya ya bar biyu su gwabza, in ɗaya ya kai bakin gaɓa sai ya lallaɓo ta baya ya tura su duka. Fili uku ne a Superstars, kuma kowanne yana canza lissafi: wani shimfiɗaɗɗe a kan tafasasshen dutse, wani mai santsin ƙanƙara inda birki ba ya kamawa, wani tsibiri mai tudu da kwari. Aibinsa ɗaya, kuma sananne ne tun zamanin Nintendo 64. In aka rage mutum biyu da suka iya, sai su yi ta karo a tsakiya kamar ragunan da suka yi daidai da juna har daƙiƙa 60 su cika a tashi kunnen doki. Da sababbin hannu yana da daɗi ƙwarai, da ƙwararru biyu yana iya zama ɓata lokaci.

Wannan aibin ne Booksquirm ya tsere masa. Daga Mario Party 4 na na'urar GameCube ya zo, shekarar 2002. Kuna tsaye a kan wani makeken littafi, shafuka suna kifowa a kanku ɗaya bayan ɗaya, kowane shafi da 'yan ramuka da aka huda. Wanda bai tsaya daidai saitin rami ba, shafi ya danne shi ya fita. Shafukan suna ƙara sauri, ramukan suna raguwa, har a kai inda rami ba zai ɗauki kowa da kowa ba, dole wani ya ture wani. Wasan ne da kansa yake matse ku har a sami gwani. In an ce na zaɓi ɗaya tak a cikin ɗarin nan don raba gardama tsakanin manya, shi zan ɗauka. In kuma don a jawo baƙo ya saki jiki ne, Bumper Balls.

Sauran na gaba-gaba duk irin wannan jinin gare su. A Shy Guy Says, wani ya ɗaga tuta, kai ma ka ɗaga irinta, sai dai yana yaudara, ya ɗago biyu ya sauke ɗaya. A Mushroom Mix-Up a nuna launi, kowa ya ruga kan dandalin mai wannan launin kafin sauran su nitse. Honeycomb Havoc kuwa ba ya neman saurin yatsa ko kaɗan: 'ya'yan itace suna gangarowa a jere, kowa ya ɗauki ɗaya ko biyu, wanda saƙar zuma ta faɗo wa ƙudan zuma su kore shi. Wanda ya iya ƙirga abin da ya rage a layi zai iya shirya wa na gabansa tarko, kuma a nan ne dattijon da ya saba dara yake rama abin da yara suka yi masa. Bowser's Big Blast sa'a ce tsagwaronta, maɓallai biyar, ɗaya na tayar da bam, kowa ya zaɓi nasa. Ɗan shekara biyar yana iya kayar da kowa, kuma ana bukatar irin wannan jefi-jefi, in ba haka ba ƙaramin cikinku zai ajiye hannu ya fita yana kuka.

Dalilin da ya sa suka yi kyau haka ba ɓoyayye ba ne. Babu sabon ƙaramin wasa a Superstars. An bi Mario Party na 1 zuwa na 10, daga 1998 zuwa 2015, aka tankaɗe aka rairaye, fiye da rabin abin da ya rage daga ukun farko na Nintendo 64 ne. Shekaru sun riga sun nuna wanda mutane ke so. Ba wai babu tsakuwa a ciki ba, akwai 'yan kaɗan da in sun fito sai ka ji falo ya yi tsaki, amma ba su da yawa.

Jamboree akasin haka ne. Mafi yawan nasa sababbi ne, ba su bi ta rariya ba tukuna, don haka tazarar da ke tsakanin mai kyau da marar kyau ta fi faɗi. Masu kyaun suna da kyau sosai. Sandwiched ɗan'uwan Booksquirm ne, kuna cikin kwandon abinci manyan yankan burodi na faɗo muku. An kuma dawo da wasu tsofaffi da Superstars ya tsallake, kamar Platform Peril da Granite Getaway da Domination, wanda ba komai ba ne illa ka yi ta lugudan maɓalli ɗaya na daƙiƙa goma. Akwai kuma wani gyara da nake jin rashinsa duk sanda na koma Superstars: ana iya saita Jamboree ya fito da wasa uku ku kaɗa ƙuri'a, maimakon ƙaddara ta zaɓa muku. Wannan kaɗai yana rage yawan haɗuwa da waɗanda ba ku so. Superstars abin da ya tanada shi ne rukuni-rukuni tun kafin a fara, na iyali, na gwaninta, na Nintendo 64 zalla, na GameCube zalla. Yana taimakawa, amma bai kai ƙuri'ar ba.

Babban sabon abu a Jamboree shi ne abokan tafiya. Wani ɗan wasa, Waluigi ko Donkey Kong ko Peach da sauransu, zai bayyana a wani wuri a kan allo. Wanda ya fara isa gare shi sai a buɗe wani dogon wasa na musamman, kowa ya shiga, wanda ya ci ya tafi da shi na zagaye uku. Muddin yana tare da kai komai ninki biyu ne: tauraro biyu za ka iya saye a tsayuwa ɗaya, amma in ka taka mugun gida ma sau biyu za ka sha. Wanda kuma ya wuce ka a hanya ya ƙwace shi. A fagen dabara abin yana da armashi, don yana iya kifar da wasa cikin zagaye ɗaya. A fagen lokaci kuwa, a nan gizo ke saƙar. Waɗannan wasannin na musamman mintuna suke ci, ba daƙiƙoƙi ba, kuma guda goma ne kawai, don haka wanda ke bugawa kullum zai maimaita su har ya haddace. Karon farko da na buga na Waluigi, mai harba ƙwallo a teburin finbol, na ji daɗi. A karo na shida ina duba waya.

Gaba ɗaya ma Jamboree ya fi nauyin ƙafa. Zagaye goma a cikinsa yakan haura awa guda cikin sauƙi da mutum huɗu, ga yawan bayani da 'yan raye-raye tsakanin jefawa da jefawa. A Superstars zagaye goman nan kan ƙare kafin awa ta cika. Ga wanda yake da tsakanin magariba da isha kawai, ko wanda ke jin tsoron a ɗauke wuta, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Superstars yana adana inda aka tsaya bayan kowane zagaye, ana iya kashewa a ci gaba gobe. Kuma in wuta ta tafi, na'urar ba ta mutuwa tunda da batirinta, sai a zaro ta a jingine a kan tebur a ƙarasa. Sai dai mutum huɗu a kan allon inci shida ko bakwai, Bumper Balls zai yiwu tunda fili ɗaya kuke kallo, amma wasannin da ke raba allo gida huɗu sai an matse ido.

Yanzu ga maganar da ta fi yanke hukunci a gidaje da yawa, wato irin hannayen gem ɗin da kake da su. Duka ɗarin da ke Superstars da maɓalli da analog ake yin su. Joy-Con, wato ƙaramin hannun da ake cirewa daga gefen Switch, ɗaya a kwance ya isa, babban hannun Nintendo mai suna Pro Controller ya yi, hannun da wani kamfani ya ƙera mai arha ma ya yi in na'urar ta karɓe shi, kuma wasan yana tafiya a Switch Lite, ƙaramar Switch ɗin da ake riƙewa a hannu kawai. Jamboree ma yana karɓar waɗannan a wasan allo, amma wani kaso na ƙananan wasanninsa na motsa hannu ne, sai da Joy-Con. In ba ku da Joy-Con da zai ishi kowa, kashe su za a yi, adadin nan na sama da 110 ya ragu. Wasu sassa uku na gefe, Rhythm Kitchen da Toad's Item Factory da Paratroopa Flight School, su ma sai da Joy-Con. Switch kuwa da guda biyu kawai yake zuwa. Ka ƙirga naka kafin ka biya. Idan kuma kana da huɗu lafiyayyu da yara ƙanana, to wannan maki ne ga Jamboree, domin yaro ya fi saurin gane "kaɗa hannunka" a kan "danna wancan".

Tunda an zo kan analog, akwai labarin da ya kamata mai sayen Superstars ya sani. Mario Party na farko yana da wasannin da ake juya analog da iya sauri, irin su Tug o' War, jan igiya tsakanin mutum ɗaya da uku. Yara suka gano cewa da tsakiyar tafin hannu an fi sauri, sai tafukan suka dinga yin bororo suna saluɓewa. A shekarar 2000 babban lauyan gwamnatin jihar New York na lokacin, Eliot Spitzer, ya cimma yarjejeniya da Nintendo cewa za su ba masu wasan safar hannu kyauta, har guda huɗu ga kowane gida, abin da aka ƙiyasta zai iya kaiwa dala miliyan 80 in kowa ya nema. Tug o' War ya dawo a Superstars, da gargaɗi a rubuce cewa kada a juya da tafin hannu. Yaran gidanmu ba su karanta ba. Ni kuma ba tafinsu ne ya fi damuna ba, analog ɗin Joy-Con ne, wanda dama an san shi da lalurar tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. In wannan wasan ya fito, ka sa ido.

Inda Superstars ya gaza, kuma ba zan kare shi ba, shi ne alluna. Biyar ɗin masu kyau ne. Horror Land yana juyawa tsakanin dare da rana, hanyoyi su canza. A Space Land akwai ƙirge da ke sauka daga biyar, in ya kai sifili Bowser, mugun cikin wasan, ya harbo wuta ya share sulallan duk wanda ke kan layi. A Woody Woods ana juya alamun hanya kowane zagaye, ka shirya zuwa gabas ka tsinci kanka a yamma. Sai Peach's Birthday Cake da Yoshi's Tropical Island, masu sauƙi. Amma biyar biyar ne, kuma Nintendo ba su ƙara ko ɗaya ba bayan fitowarsa. Gidan da ke bugawa duk ƙarshen mako zai san kowane lungu cikin wata biyu. Jamboree ya fi shi nisa a nan. Goomba Lagoon ruwa na cika yana janyewa, ya raba allon biyu ya bar wani a tsibiri. Rainbow Galleria katafaren kanti ne mai hawa-hawa da ake karya farashi lokaci-lokaci. Roll 'em Raceway a mota ake zagaya shi. Ka sani dai huɗu ne a buɗe ranar farko. Western Land da Mario's Rainbow Castle da King Bowser's Keep sai an yi wasa an cika wasu sharuɗɗa, don haka kada ka saya da safe ka gayyaci mutane da yamma kana musu alkawarin bakwai.

Ga manyan da sa'a ke ba haushi, Jamboree yana da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi, wato Pro Rules. Zagaye 12 ne, ana sanar da sharaɗin tauraron kyauta da ake bayarwa a ƙarshen wasa tun farko, kayan da ake saye a kantin kan allo suna da iyaka, an rage abubuwan ba-zata. Duk wanda ya taɓa jan ragama tun farko har ƙarshe sannan aka ba wani tauraro saboda ya fi kowa taka jan gida zai gane amfanin wannan. A Superstars iyakar abin da za ka yi shi ne ka kashe taurarin kyautar ko ka mayar da su tsarin da. Majalisar abokai huɗu da ke ɗaukar wasa da zafi, Pro Rules kaɗai ya isa ya ja su zuwa Jamboree.

Kada tallan mutum 20 ya ruɗe ka. Koopathlon, tseren mutum 20, da Bowser Kaboom Squad, na mutum takwas masu haɗa kai, ta intanet ake cika su, kowa da tasa na'urar, sai kuma an biya kuɗin Nintendo Switch Online. Ba ashirin a falo ɗaya ba ne. A falo huɗu ne a duka wasannin biyu. In intanet ɗinka mai yankewa ne, ka cire wannan daga lissafi. Wanda yake yawan zama shi kaɗai kuwa, Jamboree ya tanadar masa Party-Planner Trek, yawo a kan allunan ana cika 'yan aike-aike, ba wani abin a zo a gani ba ne amma ya fi babu.

Ni dai ga inda na tsaya. Gidan da masu bugawa ke canzawa, yau 'yan'uwa sun zo hutu, gobe maƙwabta, ga yaro ga babba, ga hannayen gem kala-kala, Superstars ne nasu, domin kusan kowane wasa a cikinsa ana iya bayaninsa kafin a gama ƙirga uku. Mutum huɗun da ba sa canzawa, masu Joy-Con isassu da dare mai tsawo, za su ƙoshi da Superstars da wuri, Jamboree ne zai riƙe su wata da watanni. Da a ce yau zan fara daga babu, Superstars zan fara saye, kuma tunda ya girmi ɗayan da shekara uku an fi samun katinsa a gwanjo. Katin Switch ba ya zaɓen ƙasa, wanda aka sayo daga Turai ko Amurka ko Dubai duk zai yi, kuma duka biyun suna da Faransanci ban da Turanci, abin da zai yi wa 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi daɗi.

A kula da suna wajen saye. Akwai na uku, Super Mario Party kawai ba tare da Jamboree ba, na Oktoba 2018. Wasanni 80 gare shi da ƙananan alluna huɗu, ba ya karɓar komai sai Joy-Con, ba a kuma buga shi a riƙe a hannu. Kwalayen sun yi kama, mai shago ma yana iya rikicewa. Akwai kuma Jamboree na Switch 2 da ya fito ranar 24 ga Yuli 2025, da ƙarin sashen Jamboree TV mai amfani da makirufo da kyamara da jan Joy-Con a kan tebur, dala 79.99. Wanda ya riga ya mallaki na tsohuwar na'urar, dala 19.99 zai ƙara ya samu ƙarin, amma sai in yana da Switch 2 ɗin. Kafin ka bar shagon, ka sa a saka katin a na'ura ka ga sunan ya fito a allo da idonka.